Yadda za mu auna wahalar da tsofaffinmu ke sha a ayyukan yau da kullum

Idan muka gaida tsoho muka ce, "Baba, yaya jiki?" amsar da za mu samu ita ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Haka tarbiyyarmu take, kuma abu ne mai kyau. Amma wannan amsa ba ta gaya mana ko Baba ya iya tashi daga tabarma da kansa da safen nan ba. Ba ta gaya mana cewa Mama ta kwana uku ba ta yi wanka ba domin bokiti ya fi ƙarfinta. Tsofaffi da yawa sukan ɓoye wahalarsu don kada su zama kaya ga 'ya'yansu. Sau da yawa sai mutum ya faɗi ya karye, ko a ga ya rame, kafin a farga.

Ma'aikatan lafiya suna da hanyoyi masu sauƙi na auna irin wannan wahala. Abin da ake bukata shi ne tambayoyin da suka dace, da lura, da littafin rubutu. Masu ziyarar gidaje a ikilisiya, da Zumuntar Mata, da matasa, duk za su iya koyon wannan aiki.

Irin tambaya, irin amsa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya ƙiyasta cewa kashi 46 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 60 suna fama da wata naƙasa. Amma idan muka shiga gida muka ce, "Akwai naƙasasshe a gidan nan?" yawanci za a ce babu. Da jin kalmar, hankalinmu yakan koma ga makaho da gurgu da kurma da kuturu. Tsohuwar da gwiwa ta hana ta zuwa rijiya ba a sa ta cikin lissafi. Sai a ce, "Ai tsufa ne kawai." Wasu kuma suna jin kunyar kalmar, ba sa so a danganta ta da gidansu.

An ga wannan a ƙasar Zambiya. Ƙidayar 1990 ta yi tambaya a kan makanta da kurumta da makamantansu, aka sami ƙasa da mutum 1 cikin 100. A 2006 wani bincike ya sauya tambayar, ya nemi sanin wahalar da mutum yake sha wajen gani, ji, tafiya da sauransu. Sai adadin ya haura mutum 8 cikin 100. Mutanen suna nan tun da can, tambayar farko ce ba ta same su ba.

Don haka mu ajiye tambayar "mene ne sunan ciwonsa?" mu bar wa likita. Tamu tambayar ita ce: wane aiki ne yake yi masa wuya, kuma wuyar ta kai yaya?

Jiki da wurin zama

A 2001 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da wani sabon tsari na bayyana naƙasa. Tsarin ya ce a duba abu uku: lafiyar gaɓoɓin jiki, ayyukan da mutum yake iya yi, da yadda yake shiga cikin harkokin jama'a. Ya kuma ce wurin da mutum yake zaune yana iya ƙara wahala ko ya rage ta.

A ce mata biyu suna da ciwon gwiwa iri ɗaya. Ta farko akwai famfon burtsatse a ƙofar gidanta, jikokinta kuma suna tare da ita. Ta biyu ita kaɗai ce, rijiya tana bayan gari, salgarta kuma ta tsuguno ce. Ciwonsu ɗaya, amma ta biyu ta fi naƙasa nesa ba kusa ba. Wannan labari ne mai ƙarfafa zuciya. Ba mu da ikon mayar da gwiwa sabuwa, amma muna iya gyara salga, mu kawo ruwa kusa.

Ayyuka shida na kula da kai

A 1963 wani likita mai suna Sidney Katz da abokan aikinsa a wani asibitin tsofaffi a jihar Ohio ta Amurka suka fitar da ma'aunin da har yau ake amfani da shi a ƙasashe da yawa. Sun zaɓi ayyuka shida:

- wanka
- sa tufafi
- zuwa bayan gida da tsabtace jiki
- tashi daga shimfiɗa ko kujera da komawa
- riƙe fitsari da bayan gida
- cin abinci da hannunsa

A kowane ɗaya ana duba ko mutum yana yi da kansa, ko sai an taimake shi. Sun lura cewa ayyukan nan suna da jeri. Wanka da sa tufafi su ne sukan fara gagara, cin abinci kuma shi ne na ƙarshe. Idan mara lafiya yana samun sauƙi, yakan bi hanyar da ƙaramin yaro yake bi: ya fara ci da kansa, sannan tashi da zuwa bayan gida, daga baya sa riga da wanka. Saboda haka wahalar wanka ƙararrawa ce ta farko. Idan kuwa har ana ba mutum abinci a baki, yana bukatar mai kula da shi dare da rana.

Ayyukan riƙe gida

Mutum yana iya wanka ya ci abinci da kansa, amma riƙe gida ya gagare shi. A 1969 Powell Lawton da Elaine Brody, su ma a Amurka, suka ƙara wani ma'auni mai ayyuka takwas: amfani da tarho, sayayya, girki, gyaran gida, wanki, tafiya a mota, shan magani daidai, da riƙe kuɗi. An tsara shi domin mazauna birni, don haka ya kamata mu zauna mu rubuta namu. A ƙauyukanmu jerin zai iya ƙunsar:

- ɗebo ruwa da samo itace
- daka, kai niƙa, hura wuta da girki
- shara da wanki
- ɗebo hatsi daga rumbu
- kula da awaki da kaji, da aikin gonar bayan gida
- zuwa kasuwa, gane kuɗi da karɓar canji
- shan magani a kan lokaci
- kira da amsa wayar hannu
- zuwa sujada, gaisuwar rasuwa, suna da biki

A nan sai a yi hattara da abu ɗaya. Akwai bambanci tsakanin "ba ya yi" da "ba ya iyawa". Dattijon da bai taɓa girki ba tun yana saurayi, rashin girkinsa ba naƙasa ba ce. Tsohuwar da surukarta ta karɓe mata daka don girmamawa, wataƙila ƙarfinta yana nan. Tambayar da ta dace ita ce, "Mama, akwai aikin da kuke yi bara, wanda bana ya gagare ku?"

An yi irin wannan awo a Najeriya. Binciken tsufa na Ibadan, wanda Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a 2003 zuwa 2004, ya tambayi mutum 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a jihohin da ake jin Yarbanci. Kimanin mutum 9 cikin 100 suna da aƙalla aiki ɗaya da ba sa iya yi sai da taimako. Abin ya fi yawa ga mata, da waɗanda suka fi tsufa, da masu ciwon jiki na kullum, da masu ƙarancin abinci. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu wannan bukata ba su da mai taimakonsu, kuma ciwon damuwa ya fi kama su. Mukan ce a Afirka dangi suna riƙe tsofaffinsu. Gaskiya ne ga masu yawa, amma akwai waɗanda suke zamewa, musamman inda samari suka tafi ci-rani ko rikici ya watsa iyali.

Tambayoyi shida na gida-gida

Idan muna so mu san halin ƙauye gaba ɗaya, akwai gajerun tambayoyi shida. Wani rukunin masana ƙididdiga da aka kafa a 2001 a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya tsara su. Ana kiransu Rukunin Washinton, domin a wannan birni suka yi zamansu na farko. Babu kalmar "naƙasa" a cikin tambayoyin. Ga yadda za mu iya yin su:

1. Kuna shan wahala wajen gani, ko da kun sa tabarau?
2. Kuna shan wahala wajen ji, ko da kun sa na'urar kunne?
3. Kuna shan wahala wajen tafiya ko hawa matakala?
4. Kuna shan wahala wajen tuna abu ko tattara hankali?
5. Kuna shan wahala wajen kula da kanku, kamar wanka da sa tufafi?
6. Kuna shan wahala wajen fahimtar magana, ko a fahimce ku, a harshen da kuka saba?

Kada a karɓi "i" ko "a'a" kawai. Amsoshi huɗu ne, kuma sai a karanta wa mutum duka ya zaɓa: babu wahala; akwai kaɗan; akwai sosai; ba na iyawa ko kaɗan. A littafi za mu iya rubuta su 0, 1, 2, 3.

Binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya yi amfani da waɗannan tambayoyi. A cikin masu shekara 5 zuwa sama, kimanin mutum 7 cikin 100 sun ce suna da wahala a wani fanni, amma kimanin 1 cikin 100 ne suka ce sosai ko ba sa iyawa. Wannan ya nuna cewa inda aka ja layi shi ke ba da adadi. Masana sukan lissafta mutum cikin masu naƙasa idan ya sami 2 ko 3 a aƙalla tambaya ɗaya. Mu kuwa kada mu manta da masu 1. Su ne taimako kaɗan zai hana su kaiwa 3.

Gwaji da ido

Wani tsoho zai ce yana iya komai, wani kuma zai ce ba ya iya komai. Gwaji kaɗan yana taimakawa. A yi shi da yardar mutum, wani kuma ya tsaya kusa don tarewa. Kada a gwada wanda yake jin jiri ko ciwo mai tsanani.

*Tashi daga kujera.* A jingina kujera mai tsayin gwiwa da bango, ba 'yar tsuguno ba. Mutum ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau 5. Littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce wanda bai gama cikin daƙiƙa 14 ba yana bukatar a ƙara duba shi.

*Tashi ka je ka dawo.* A auna mita 3 a ƙasa. Mutum ya tashi daga kujera, ya taka zuwa alamar yadda ya saba, ya juyo ya zauna. Yana iya riƙe sandarsa. Wanda ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye yana cikin haɗarin faɗuwa.

*Raɗa.* A tsaya a bayansa nisan hannu, a toshe kunne ɗaya, a raɗa kalmomin da ya sani ya maimaita. Sannan a gwada ɗaya kunnen.

*Kalma uku.* A faɗa masa kalma uku, kamar akuya, tulu, gero. A yi wata hira ta ɗan lokaci, sannan a ce ya tuno su.

A kuma tambaya ko ya faɗi a cikin shekarar nan, ko cin abincinsa ya ragu, ko tufafinsa sun yi masa yawa, ko kuma a makonni biyun da suka wuce ya daina jin daɗin abubuwan da yake so a da.

Ladabin tambaya

- A nemi izinin mai unguwa da masu gida, a bayyana dalili. A faɗa a fili cewa ba sunayen rabon kaya ake ɗauka ba. Idan mutane suka zaci rabo ne, amsoshi za su karkace.
- A shiga kowane gida, ba na 'yan ikilisiya kaɗai ba. Tsufa bai san addini ko ƙabila ba.
- A tambayi mutumin da kansa tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga baya a ji ta bakin mai kula da shi, a keɓe.
- Mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji, musamman zancen fitsari da wanka. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A zaɓi masu ɗan shekaru don wannan, a kuma sallami yara daga wurin.
- A zauna ƙasa daidai da shi, a inda haske yake, a yi magana a hankali da harshen da ya fi ji. Ba sai an yi ihu ba.
- Idan bai san shekarunsa ba, a yi amfani da abin da kowa ya tuna. Wanda ya yi wayo kafin yaƙin basasa ya fara a 1967 ya wuce shekara 60.
- Abin da aka ji amana ne. Kada ya zama hirar bakin rijiya, kada kuma a faɗe shi a gaban taro da sunan roƙon addu'a ba tare da yardar mai shi ba.

Rubutawa da maimaitawa

A ba kowane tsoho shafi ɗaya a littafi. A rubuta kwanan wata, lambar kowace amsa, ayyukan da suka gagara, da wanda yake taimakonsa. Mutum ɗaya amintacce ya ajiye littafin.

Amfanin awo yana cikin maimaitawa. Muna ba da shawarar a yi sau biyu a shekara: bayan girbi, da kuma tsakiyar damina, lokacin da abinci ya yi ƙaranci, hanya ta yi santsi, kowa kuma yana gona. Tsohuwar da ta sami 1 a tafiya da kaka, ta koma 2 da damina, tana bukatar a binciki dalili. Wataƙila yunwa ce, ko ƙarancin jini, ko ta faɗi ta yi shiru.

Daga littafi zuwa aiki

Awon da ba a yi komai da shi ba ɓata lokacin tsofaffi ne. Bayan kowane zagaye a zauna a raba sunayen kashi uku.

*Masu bukatar asibiti.* Kada mu ɗora wa tsufa kowane ciwo. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa mutum 4 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta ana iya hana ta ko magance ta. Yanar ido kaɗai ta kawo kashi 43 cikin 100, kuma ana cire ta da ɗan gajeren aiki a wurare kamar Asibitin Ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Rashin ji wani lokaci dattin kunne ne da ya toshe. Hawan jini da ciwon suga ana iya riƙe su da magani. Ikilisiya za ta iya tara kuɗin mota, ta ba da ɗan rakiya.

*Masu bukatar gyaran gida.* A sa kujera mai rami a kan salga, a kafa sanda mai ƙarfi a gefe don dafawa. A ajiye kujera a makewayi domin a yi wanka a zaune, da ƙaramin bokiti. A ɗaga shimfiɗa ta kai tsayin gwiwa. A rage tsayin dokin ƙofa, a cike ramukan tsakar gida. A ajiye tocila da fo kusa da gado. A yanke sandar tafiya daidai wuyan hannu idan mutum yana tsaye, a sa mata roba a ƙasa. Kafinta da matasa za su gama yawancin wannan a yini ɗaya. Mu duba majami'armu ma: matakalar ƙofa, wurin zama kusa da mai wa'azi don masu nauyin kunne, da salga.

*Masu bukatar hannu kullum.* A tsara wanda zai kai ruwa, itace da abinci, da ranar kowa. A tuna da mai jinya. Sau da yawa suruka ce ɗaya, ko jika 'yar makaranta da ta daina zuwa aji. A karɓe ta ko da yini ɗaya ne a mako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Taimako ma yana da iyaka. Idan muka karɓe wa tsoho duk aikinsa, jikinsa zai mutu da sauri, zuciyarsa ma haka. A bar shi ya yi abin da yake iyawa: ɓarar gyaɗa, tufka igiya, renon jikoki, sasanta rigima, koya wa yara tarihi. A rubuta waɗannan ma a shafinsa.

Game da mantuwa, akwai ciwon ƙwaƙwalwa da ke zuwa wa wasu da tsufa. Mai shi yakan ɓata hanya, ya yi yawo da dare, ya faɗi abin da bai faru ba. A wurare da dama an zargi irin waɗannan tsofaffi da maita, musamman gwauraye mata, har an kore su ko an doke su. Ciwo ne, kuma aikinmu ne mu tsaya musu.

Alamomin da ba a jira

A kai mutum asibiti nan take idan:

- bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya
- hankalinsa ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali da yana lafiya
- ya faɗi ya kasa taka ƙafa
- ya daina ci da sha, ko fitsari ya ƙi fita

Tambayoyi don tattaunawa

1. Tsofaffi nawa ne suka daina zuwa sujada ko kasuwa a shekarar nan? Mun san dalilin kowannensu?
2. Waɗanne ayyuka ne ya kamata su shiga jerin ƙauyenmu, na maza da na mata?
3. Su wane ne a cikinmu tsofaffi za su amince su gaya musu gaskiya?
4. Akwai tsohon da yake kwana shi kaɗai a ɗaki ba mai jin kiransa? Wa zai je wurinsa a makon nan?